Phi Phi ta fi kyau a hoto, amma ni Perhentian nake komawa

Ni mutumin Katsina ne, ruwan da na taso da shi kududdufin damina ne, shi ma sai mun faki idon iyaye. Shekarata shida ke nan a Malesiya, kuma duk baƙon da ya zo daga gida ya ce in kai shi ya ga kifi a teku, sunan da ke bakinsa ɗaya ne: Phi Phi ta ƙasar Tailan. A Instagram ya gani. Ni kuwa sai in ce mu je tsibiran Perhentian na nan Malesiya, a yi ta jayayya har shayi ya huce.

Ga wanda bai taɓa yi ba, wannan harka ba nutso ba ce. Tabarau ne mai rufe ido da hanci, sai bututu da za ka cije a baki, bakinsa ɗaya na sama yana kawo maka iska. Ka kwanta rubda ciki a saman ruwa kana leƙen ƙasa. In ka sa rigar ceto, ko ba ka iya iyo ba ruwa zai ɗauke ka. Ranar farko na sha ruwan gishiri har na ƙoshi, don gashin bakina ya hana tabarau ya zauna.

Phi Phi kyakkyawa ce, wannan ba gardama. Duwatsu ne tsaye cak a cikin ruwa, kore shar. Amma ranar da na je, jirage sun yi sahu kamar tashar mota ranar jajibirin sallah. Kana leƙe ƙafar wani na dukan kunnenka, ƙasa kuma tarkacen murjani ne ya karairaye ya yi toka-toka. Gaɓar Maya da wani fim na shekarar 2000 ya fito da ita, sai da hukuma ta rufe ta a 2018 saboda ɓarna, ba a buɗe ba sai Janairun 2022, kuma har yau an hana iyo a cikinta. Da mutane suka ɗauke ƙafa, ƙananan kifin shak masu baƙin tabo a fiffike suka dawo. Na yaba wa hukuncin, amma fa in leƙen ruwa ya kai ka, a can sai dai ka tsaya a rairayi ka yi hoto.

Perhentian tsibirai biyu ne a jihar Terengganu, Babba da Ƙarami. Daga Kuala Besut ake shiga jirgi mai gudu, tafiyar kamar minti 40, ka biya kuɗin kula da gandun teku kafin ka hau. An hana kamun kifi a kewayen tsibiran, kuma daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu iskar damina kan rufe harka, wurin ya huta. Ina ganin wannan hutun na dole shi ne rabin sirrin. A nan na fara ganin kunkurun teku, girmansa ya kai faifan tuwon gidan biki, yana kiwon ciyawa a ƙasa kamar tunkiya. Ya taso a hankali, ya fito da kai kusa da ni, ya ja numfashi da wata ƙara kamar tsoho ya sauke kaya, ya koma abinsa. Kifin aku kuma har ƙarar haƙoransa kake ji yana kankarar dutse.

Wani abin da ba a faɗa a hotuna: a can za ka ga matan Malayu cikin ruwa da ɗankwali da doguwar riga, babu mai kallonsu. Ga masallaci a ƙauyen masunta, abinci ba sai ka yi tambaya ba. Mai ɗakina da ta rantse ba za ta shiga ba, ita na riƙa roƙo ta fito.

Kada a ce na mai da wurin aljanna. Gaɓar Long Beach da ke Ƙaramin tsibirin da dare hayaniya ce, kuma na ga mai jirgi yana watsa wa kifi burodi don baƙi su ji daɗi, na ga ƙato ya miƙe tsaye a kan murjani yana gyara tabarau. Murjanin nan fa dabba ce mai rai, ɗan uwan jan nan da kakanninmu ke ɗaurawa a wuya, kodayake nasu ba daga irin wannan ruwa ya fito ba. In ruwa ya yi zafi fiye da ƙima na 'yan makonni, sai ya kori ƙwayoyin gansakuka da ke ciyar da shi, ya yi fari fat. A 2010 sai da Malesiya ta rufe wasu wurare a tsibiran Tioman da Redang saboda haka, a 2024 abin ya sake game duniya. Zuwana na ƙarshe na ga farin a wurin da na sani da launin ƙasa-ƙasa.

Ƙanina zai zo a watan Afrilu, ya riga ya turo min hoton Maya har sau uku. Na saya mana tikitin motar dare zuwa Kuala Besut, na kuma ce ya aske gashin baki.