Wa yake tambayar lafiyar mai jinya?

Tun zuwana Ingila nake lura da cewa hukuma ta san da zaman mai jinya, wato wanda ke kula da marar lafiya a gida. Dokar kula da mabuƙata ta 2014 ta ba shi haƙƙin a zauna da shi, a tambaye shi yadda shi kansa yake fama. Ƙungiyar Marie Curie kuma tana tura ma'aikatan jinya su kwana wurin wanda likitoci suka ce ciwonsa ba na tashi ba ne, don na kusa da shi ya runtsa.

Maƙwabciyata ta haura shekara 70. Na sha ganinta tana juya mijinta a gado don kada bayansa ya yi gyambo, tana jiƙa masa leɓe da auduga saboda ruwa ya daina wucewa, ga ta ita ma da ciwon gwiwa. Daren da aka zo aka karɓe ta, washegari har muryarta ta canza.

Sai dai tallafin kuɗin masu jinya bai yi wa kowa adalci ba, kuma shekaru ne ke raba su. Sai ka kai 16, kana jinya aƙalla awa 35 a mako. Ɗalibin da ke karatun awa 21 ko fiye a mako ba ya samu, alhali shi ne ke tashi cikin dare ya sauya wa mahaifiyarsa zanin gado, gari ya waye ya tafi aji. Tsohuwa mai karɓar fanshon gwamnati ba a haɗa mata biyun cikakku. Ma'aikaci kuwa, mai ɗauke da 'ya'ya da iyaye lokaci guda, daga Afrilun 2024 aka ba shi hutun jinya na mako ɗaya a shekara, shi ma babu albashi.

A gida jama'a muke da ita, kuma wallahi ina kewar hakan. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: masu dubiya suna cika ɗaki da rana, dare na yi sai a bar mutum ɗaya, galibi mace, matar aure ko 'yar da karatunta ya tsaya. Kowa "ya mai jiki?" yake cewa. Da wuya ka ji wanda ya ce mata, "Yaya, je ki kwanta, yau ni zan kwana da Baba."

Maƙwabciyar tawa ta ce mini abin da ya fi ci mata rai shi ne wayarta ta rage ƙara tun da ciwon ya yi tsawo. Yanzu duk Laraba da yamma nakan shiga in zauna da mijinta awa biyu, ita kuma ta fita ta sha iska.