Fim ɗin la'ana ya ƙare, mun koma nuna gidajen mutane

Tun da aka fara yankan gero wani fim ɗin ban tsoro ya shigo garinmu, nan ƙasar Gaya, kuma har yau bai fita daga bakin mutane ba. Samarin da ke cin kasuwar Wudil ran Juma'a ne suka ɗauko shi a memori daga wurin masu turi. Kafin mako ya zagayo ya shiga kusan kowace waya, mai gidan kallo ma ya ga kasuwa ta buɗe, ya riƙa saka shi duk daren da babu ƙwallo. Na Indiya ne, fassarar Hausa. Ba zan kama sunansa ba don ba talla na zo yi ba, wanda ya gani ya san wanda nake nufi.

Labarin ba mai wuya ba ne. Wani mai kuɗin ƙauye ne ya danne gonar marayun ƙaninsa, uwarsu ta je tana kuka ya sa aka jefo ta waje, ta yi masa baki, baƙin ciki ya kashe ta. Daga nan duk ɗan da aka haifa a zuriyarsa ba ya daɗewa. 'Ya'ya da jikoki suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, ga wata mace mai gashi buzu-buzu tana leƙowa ta taga duk daren da za a yi rashi. Sauran duk kiɗa ne mai tsinka zuciya da ƙofa mai buɗe kanta.

Wallahi na ji daɗin yadda aka tsorata, ba zan ɓoye ba. Akwai daren da janareta ya mutu daidai lokacin da matar nan ta sa hannu a kafaɗar yaro, sai ka ji ƙartai masu gemu suna salati suna tattake juna wajen neman ƙofa, benci ya kife, takalma suka watse. Wani da ya fi kowa cika baki a majalisa, mai cewa shi ko maƙabarta aka ce ya kwana zai kwana, shi ne ya tsaya a teburin mai shayi yana ta jan hira har ya samu abokin tafiya, don hanyar gidansu ta bi ta gindin tsamiya. Mata a cikin gida suka kalla, waya ɗaya mutum goma, rabi sun rufe fuska da mayafi suna tambayar “ta tafi?” Yara suka daina zuwa bayan gida da dare sai da rakiya. Shi kuwa mai fassara yana ta zuba nasa, ya sa wa mutumin da ke gaban gunki “Innalillahi” a baki, ana tsoro ana dariya. Goggona ta kalli rabi ta miƙa wayar ta ce, “Kai ɗan nan, wannan ai Dodon tatsuniya ne aka sa wa hoda. Mu da aka ba mu shi a duhu babu ko aci-bal-bal.”

Irin wannan tsoron ba shi da laifi. Da shi muka tashi, kuma waɗanda ke cewa Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta shigo ta hana, ban bi su ba. Abin da ya riga ya shiga memori ba hukumar da za ta tsamo shi, kuma ba a cikin fim ɗin matsalar take ba.

Abin da ya biyo baya ne ya sa na zauna rubutun nan. Hira ta tashi daga kan fim ta koma kan gidajen gari. “Ai gidan su wane ma haka ne, ka ƙirga yara nawa suka binne?” “To gidan bayan masallaci fa, da kowane ƙarni sai an samu mai taɓin hankali?” “Ita wance maza biyu ta binne, ai farar ƙafa gare ta, kuma haka uwarta.” Har yara sun laƙa wa wani gida sunan gidan da ke cikin fim ɗin, in sun zo wucewa sai su kwasa da gudu suna ihu, matar gidan tana zaune a zaure tana jin su. Matar nan 'ya'ya huɗu ta rasa. Ku tsaya ku auna wannan da kyau.

Ba fim ɗin ne ya koya mana ba, tarar da mu ya yi da abinmu. Mun daɗe da wabi, shi ya sa ake da Ajuji da Ajefas da Ayashe da Barmani, sunayen da uwa ke sa wa ɗa tana nuna kamar ba ta damu da shi ba ko mutuwa za ta ƙyale mata shi. Mun daɗe da cewa maita a nono ake shan ta, in uwa ce duk 'ya'yanta sun ɗauka, in uba ne ɗan ya zama nauzo, wai yana gani amma ba ya ci. Mun daɗe da iskokin gado da kan-gida tun zamanin maguzanci. Duk waɗannan abu ɗaya suke faɗa: wai akwai gidan da sharri ke bin jininsa, kuma wanda aka haifa a ciki ba shi da mafita. Fim ɗin ya zo ya ba abin hoto da kiɗa, sai ya zama mai sauƙin faɗa a bainar jama'a.

Kada wani ya ce na ƙaryata gaibu. Na yarda akwai aljanu, akwai sihiri, akwai kambun baka, duk addini ya tabbatar. Na yarda bakin iyaye yana kama ɗa, addu'ar wanda aka zalunta kuma ba ta da shamaki. Amma wa take kamawa? Wanda ya yi. Alƙur'ani ya maimaita a Suratul An'am da Isra'i da Faɗir da Zumar da Najmi cewa rai mai ɗaukar nauyi ba ya ɗaukar nauyin wani. Sau biyar. To a ina muka samo cewa jaririn da bai san ko sunan kakansa ba zai mutu saboda abin da kakan ya aikata? Marubucin fim yana da damar ƙirƙirar wannan, don da shi zai sayar da hajarsa. Mu da muke jin wa'azi kullum bayan Magariba fa?

Akwai abin da ake gada a jini, wannan gaskiya ne, kuma addinin ma bai musa ba. Bukhari da Muslim sun kawo labarin mutumin da ya zo wa Annabi (SAW) yana zargin matarsa don ta haifi yaro baƙi. Aka tambaye shi launin raƙumansa ya ce jajaye, aka ce babu mai toka-toka a ciki, ya ce akwai, aka ce daga ina, ya ce wataƙila wata jijiya ce ta fizgo shi daga kakanni. Aka ce masa to shi ma yaron haka. Ba a ce masa la'ana ba, ba a ce aljani ba.

Yanzu ku dubi gidan da ake binne yara. Ku tambayi uwar yadda suke yi kafin su tafi, in za ku iya tambaya cikin mutunci. Sau da yawa labarin ɗaya ne: an haife shi ɓul-ɓul, lafiya lau har wajen wata biyar ko shida, sai hannu da ƙafa su kumbura yana tsala kuka, ido ya yi rawaya, saifa ta tashi, jini ya riƙa ƙarewa, in sanyi ya shigo ko damina ta kankama abin ya tsananta. Wannan sikila ce, amosanin jini. Kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya yana ɗauke da ƙwayarta, wato AS, kuma garau yake, yana noma yana dako, bai san yana da ita ba. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso 1 cikin 4 na zuwa da SS, wato mai cutar. Kowane ciki daban ake lissafa shi, shi ya sa wani gidan za su haifi shida babu ko ɗaya, wani gidan uku a jere. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara a ƙasar nan, babu ƙasar da ta kai mu. A ƙauyen da babu gwaji, babu maganin da ake ba su kullum, ga zazzaɓin cizon sauro, da yawa ba sa kai shekara 5. Auren zumunci da muke ji da shi ba shi ke ƙirƙirar cutar ba, amma yana ƙara yiwuwar a haɗa masu ɗauke da ita biyu, ɗan wa da 'yar ƙani, a ƙarni na gaba a sake. Wanda ke kallo daga waje sai ya ga mutuwa tana bin gida ɗaya tun daga kaka har jika, ya ce ai baki ne.

Akwai kuma matar da ɗanta na fari ke rayuwa, na baya su riƙa zubewa ko a haife su rawaya su koma. Wani lokaci jininta ne nau'in da likitoci ke kira negatif, na mijin fozitif, jikinta ya koyi yaƙar jinin jaririn tun daga haihuwar farko. Allura ce ake yi mata cikin awa 72 bayan ta haihu, ta tsare na gaba. Mace nawa aka kira mai wabi, aka yi mata kishiya, aka kai ta gidan boka, alhali abin da ya raba ta da goyo bai wuce wannan allurar ba? Taɓin hankali da farfaɗiya ma wani lokaci suna bin dangi, kuma akwai asibitinsu a Dawanau da Kazaure, mutane suna shan magani suna komawa gona. Mu manya mun ga lokacin da duk yaron da ƙafarsa ta shanye ake cewa Inna ce ta sha shi. Aka yi ta ɗigon rigakafi, da rigima da komai, har a 2020 aka tabbatar asalin ƙwayar cutar shan-inna ta bar Najeriya. Ina Innar ta tafi?

Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wanda ba a tattauna ba. Tushen fim ɗin nan gaba ɗaya gonar marayu ce. Da ita aka buɗe, kuma a ƙarshe sai da jikan ya nemo zuriyar matar ya mayar musu da gonarsu sannan abin ya lafa. Na zauna majalisu, na ji an yi musu a kan ko aljana ce ko fatalwa, an yi musu a kan yadda aka haɗa hoton wuyanta yana juyawa. Ban ji mutum ɗaya ya ce, “Jama'a, mu fa gonakin marayun da ke hannunmu?” A garin da kowa ya san gonar da aka ce “a bari yara su girma” yau shekara ashirin, yaran har sun yi nasu yaran. A garin da in an zo rabon gado ake cewa mace ba ta noma, a ba ta ɗan abin da ya samu ta bar wa maza fili, kamar ba a karanta Suratun Nisa'i, wadda ta yanka wa mace kasonta, ta kuma ce masu cin dukiyar marayu wuta suke zuba wa cikinsu. Laifi tudu ne. Mun tsallake ɓangaren da ya shafi masu ƙarfi, waɗanda muke gaisarwa da “ranka ya daɗe”, muka ɗauki ɓangaren da za a jefi bazawara da matar da ta binne 'ya'yanta, don su ba su da mai tsaya musu.

Kuma jifan yana samun mutum. Akwai yarinyar da aka kai kuɗin gaisuwarta tun kafin azumi, daga gidan da na ce yara na gudu in sun zo wucewa. Ita ce ta rayu, ita da ƙaninta. Ana cikin zancen sa rana fim ɗin nan ya shigo, sai uwar yaron ta ce ita fa zuciyarta ba ta kwanta ba, a sake bincike. Binciken aure a wurinmu kun san shi: a tura tsohuwa ta zaga maƙwabta ta jiyo abin da ake faɗa. Me za ta jiyo a makon da duk gari ke kiran gidan da sunan gidan fim?

Kawun yaron mutum ne mai hankali, ya yi aikin asibiti kafin ya yi ritaya. Ya ce mata, “Yaya, in bincike kike so ga na gaskiya. Tun 2024 gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar gwaji kafin aure, dole ne ma a duba ƙwayar sikila da ciwon hanta da ƙanjamau kafin a ɗaura. A kai su a gwada, in jininsu bai dace ba ni da kaina zan je in ba iyayenta haƙuri.” Wannan ita ce magana. Ban ce duk auren da aka fasa zalunci ba ne. In AS ne da AS, rabuwar tana da dalilin da za a iya nunawa a takarda, kuma kowannensu zai je ya auri wani ba tare da an ɓata masa suna ba, don mai AS in ya samu AA, wato wanda ba ya ɗauke da ƙwayar, ba za su haifi mai sikila ba. Fasawar da aka yi da “an ce” kuwa ba ta tsayawa a kan mutum ɗaya. Gobe ƙaninta zai je neman aure a tarar da labarin ya riga shi isa.

Aka kai su asibitin gwamnati aka gwada. Yarinyar AA ce. Yaron ne AS, kuma da aka bi baya sai aka tuna cewa a nasu gidan ma an taɓa rasa yara biyu masu kumburin hannu, sai dai su ba wanda ya taɓa kiran gidansu da wani suna, don mahaifinsa yana da injin niƙa da shanun huɗa.

Kawun ya kai wa yayarsa takardar har ɗaki, ya karanta mata, ya yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, “Na ji, Malam. Amma shi asibiti ai jini kawai yake gani.” Liman ya sa baki, mai unguwa ya sa baki. Yanzu dai an ce a bari sai an gama ɗaukar amfanin gona a sake zama, mahaifin yarinyar kuma ya aika cewa in ba su zo ba kafin ƙarshen kaka zai mayar musu da kuɗinsu.