Wanda ya datse Big Business, Allah ya shirye ka

Kun dai ga bidiyon nan da ake ta yaɗawa tun shekaranjiya. An ɗauko Big Business na tsofaffin 'yan barkwancin nan Stan Laurel da Oliver Hardy (Ollie), fim ɗin da ya kusa minti ashirin, an datse shi bai kai minti ɗaya ba, an ƙara masa gudu, an liƙa masa dariyar ƙarya. Sai ga manyan masana sun fito suna cewa ai barkwancin mutanen da shirme ne, fashe-fashe ne kawai. Sannunku da ilimi! An tsame nama an miƙo muku ƙashi, kuna ƙorafin rago bai yi kitse ba.

Jama'a, daɗin fim ɗin nan a jira yake. Jiran kuma shi aka yanke.

A 1929 aka yi shi, a kamfanin Hal Roach, ba magana a cikinsa. Stan da Ollie suna tallan bishiyar Kirsimeti gida-gida a Kalifoniya, suka faɗa wa wani mai gida mai saurin fushi, James Finlayson. Ya ce ba ya so, ya rufe ƙofa, reshe ya maƙale. Suka danna ƙararrawa ya fito, ya sake rufewa, abu ya sake maƙalewa. Da ya gaji ya ɗauko almakashi ya daddatse bishiyar. Daga nan kowa ya shiga ramuwar gayya: su suna lalata masa gida, shi yana kwance musu mota.

To ga inda mai datsewar bai gane ba. Idan Finlayson zai cire fitilar motar, Stan da Ollie ba sa hana shi. Tsayawa suke su zuba masa ido har ya gama, su kalli ɓarnar, su kalli juna, sannan su taka a natse zuwa gidan, shi ma ya biyo su ya tsaya yana kallo. Kowa da layinsa, ba mai shiga na wani. Ana ta'asa cikin ladabi. Kai mai kallo ka riga ka san abin da zai faru, kana jiransa, kuma tun kafin a fasa komai dariyar ta taru maka a ciki. Ka cire wannan tsayuwar, me ya rage? Ƙarti uku suna ɓarna.

Wai yaran yanzu ba su da haƙurin kallon abu mai tsawo. Su wa? Waɗanda ke kwana kan fim mai dogon zango? Ku bar wannan zancen. Wai kuma datsewar talla ce, za ta sa a nemi cikakken. An nema ɗin? Zagi na ga ana yi.

Kuma ɓarnar hawa take mataki-mataki. Daga reshe aka fara, kafin a kai ga tagogi, da tukwanen fure, da fiyanon da aka sa wa gatari. Ɗan sanda yana zaune a gefe yana rubutawa a ɗan littafinsa, bai ce uffan ba sai da gida da mota suka tashi aiki. A bidiyonku fiyanon ya zo a daƙiƙa ta nawa? Wanda bai ga reshen ba, ina zai ji nauyin gatarin?

Tsakani da Allah abin ya taɓa ni. Mutanen nan sun san aikinsu. Sun auna tsawon kowane kallo da kowane shiru, har Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa fim ɗin cikin waɗanda ake adanawa a 1992. Sun maimaita salon a fim ɗinsu Tit for Tat na 1935, inda suka yi ta yi wa juna ɓarna a shago su da ɗan wasa Charlie Hall, har fim ɗin ya shiga takarar Oscar. Sai wani ya zo da waya da ɗan yatsa ɗaya ya ce zai gyara musu.

Af, kun san wani ɓangare na The Battle of the Century, nasu na 1927 da aka yi ta jifan juna da kek, ɓacewa ya yi shekara da shekaru sai a 2015 aka sanar an gano shi a tarin wani mai ajiye tsofaffin finafinai? Ni fa tunanina ya tafi kan kaset-kaset ɗin marigayi Ibro na farko. Don Allah wa ke da su, kuma a wane ɗaki suke, gara ba ta kai gare su ba?