Yadda intanet ɗin gida ya kusa haɗa ni da surukina

Abin da na faɗa shi ne, "Baba, ba na son ku damu." Abin da ya isa kunnen surukina kuwa: "Baba, ba na son ku." Kalmar ƙarshe ta maƙale a layi, a bayan bidiyon biki da ƙanwata ke turawa ƙawayenta.

Kiran intanet ba shi da ci. Murya a tsarin G.711, wanda ke mayar da ita bayanan intanet, kilobit 64 ce a daƙiƙa, idan aka haɗa da marufinta ta kai wajen 87, a ƙunshi 50 duk daƙiƙa. Haƙuri ne ba shi da shi. Da zarar wani ya cika hanyar turawa, modem sai ya jera komai a dogon layi, muryar da ta makara kuma can ɗaya ɓangaren zubar da ita ake yi.

Na zage damtse na shiga katangar tsaron rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, mai aiki da manhajar OpenWrt, na ba tashar 5060, wata ƙofar da bayanan kira ke bi, fifiko. Wayar ta riƙa shiga nan take, murya kuwa tana nan kamar rediyo mai mataccen batir. Ashe 5060 ta SIP ce, tsarin da ke haɗa kira, aikinta sallama kawai. Muryar ta wani tsarin daban take bi, RTP, tashoshi 10000 zuwa 20000 a nawa saitin. Na yi wa ɗan aike shimfiɗa, baƙon yana tsaye a rana.

Na gyara, na sa wa RTP alamar fifiko, DSCP 46, wadda ake kira EF. Shiru. Dalili shi ne cunkoson a modem yake, shi kuwa ba ruwansa da alamata. Dole sai an rage gudun rauta ƙasa da na layin, cunkoson ya dawo inda kake da iko. Aikin SQM ke nan, saitin rauta mai kula da layin jira: ka auna gudun turawa na gaskiya, da yamma lokacin da kowa ke kai, ba wanda ke jikin talla ba, ka ɗauki kashi 90 cikin 100. Nawa megabit 10 ya nuna, sai na rubuta 9.

Ashe akwatin da na rubuta a ciki da kilobit yake lissafi, ba megabit ba. 9000 ya kamata in sa. Gidan ya ɗauke ɗif, har kiran da nake wa gata, mai neman 87, ya rasa ta inda zai wuce. Ƙanwata ta leƙo: "Yaya, data ce ta ƙare?" Na ce kamfani ne.

Da na cika sifilin uku, na zaɓi cake, tsarin jera bayanai a layi, da saitinsa na layer_cake.qos, don ɗaya saitin, piece_of_cake, ba ya duba alama. Na sa ƙanwata ta tura bidiyon ina auna jinkiri da ping: jinkirin ya sauko daga kusan milisakan 800 zuwa ƙasa da 40.

Na sake kiran surukina, murya tangaram. Ya ce, "Madalla, yau ina jin ka sarai. To maimaita abin da ka ce rannan."