Ba duk albarkatun da ake ce wa "masu sabuntuwa" ke dawowa ba

Littattafan makaranta kan raba albarkatun ƙasa gida biyu: masu sabuntuwa, irin su daji da kifi da ruwa, da masu ƙarewa, irin su man fetur da kwal da zinariya. Rabon ba ƙarya ba ne, amma gwamnatin da ta ɗora tsarinta a kansa kaɗai za ta yi da-na-sani. Abin tambaya shi ne, nawa ake ɗiba a shekara, kuma nawa ne ke maye gurbinsa a shekarar?

Kifi yana hayayyafa, ba musu. Sai dai manyan jiragen kamun kifi sun yi ta kwasar kifin kod a gabar gabashin Kanada har suka cinye iyayen da ke yin ƙwai. A 1992 dole gwamnati ta haramta kamun, dubun-dubatar mutane suka rasa sana'a, kuma ba a ɗage haramcin ba sai 2024. Haka ruwan da ke kwance ƙarƙashin Sahara, tsakanin Libiya da Masar da Sudan da Chadi: ya taru ne tun dubban shekaru, lokacin da yankin ke samun damina. Yau ruwan saman da ke sauka ba ya mayar da abin da rijiyoyin burtsatse ke zuƙewa. A suna ruwa ne, a lissafi ma'adini ne.

A ɓangaren ma'adinai kuwa, kuskuren da aka fi tafkawa shi ne ɗaukar "akwai shi a ƙasa" a matsayin "dukiya ce". Masana haƙa suna bambanta abin da aka yi hasashen yana nan da abin da aka tabbatar za a haƙo a ci riba. Kafin a kai ga na biyun sai an huda ramukan gwaji a jere, an zaro dutse daga zurfi daban-daban, an kai ɗakin gwaji an auna giram nawa na zinariya ke cikin kowane tan. Wani wurin giram ɗaya a tan ya isa a ci riba. Wani wurin, in babu hanya da lantarki da ruwan wanke dutse, ninkin haka ma asara ce. Samfurin ma sai a tura wa ɗakin gwaji na biyu, domin a 1997 aka gano an barbaɗa garin zinariya cikin samfuran kamfanin Bre-X a Indunusiya, masu hannun jari suka wayi gari ba ko sisi.

A ganina, kuɗin da aka samu daga abin da ba ya dawowa bai kamata a kira shi kuɗin shiga ba, gado ne aka sayar. Norway ta gano mai a 1969, ta kafa asusun ajiyar kuɗinsa a 1990, yanzu kuma ƙa'idarta ita ce kada abin da ake cirewa a shekara ya wuce ribar da ake sa ran samu, wajen kashi 3 cikin 100. Tsibirin Nauru, wata 'yar ƙaramar ƙasa a tekun Pasifik, shi ma ya buɗe asusu da kuɗin fosfet ɗin da ake takin zamani da shi, amma aka narkar da shi a jarin da bai haifi ɗa mai ido ba. Da fosfet ɗin ya ja baya, mafi yawan tsibirin ya zama ramuka da tsinin duwatsu da ba sa nomuwa.