Layin wayarka da lambobinka: ta nan ake shiga a sace sunan mutum

Jama'a, akwai wata sata da har yau ba mu ba ta muhimmancin da ya kamace ta ba, saboda ba a fasa ƙofa, ba a haura katanga. Mutum yana zaune a gidansa, wani a wani gari ya buɗe asusun banki da sunansa, ya ci bashi da sunansa, ya karɓi kuɗin damfara da sunansa. Ranar da asiri ya tonu, sunan da ke jikin takarda shi jami'an tsaro za su bi, ba fuskar wanda ya aikata ba. Abin da ya fi damuna kuwa, yawancin lokuta mu ne muke miƙa makullin da hannunmu, wani saboda kwaɗayin tallafi, wani saboda kunya, wani don bai san darajar abin da ke hannunsa ba.

Lambobi biyu ne suke ɗauke da mutum a Najeriya yanzu. BVN, lambar tantance mai asusun banki wadda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2014, tana haɗa duk asusunka na kowane banki wuri guda. NIN kuma, lambar shaidar ɗan ƙasa ta hukumar NIMC, tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa ta da layin waya. Kowacce lamba 11 ce. A ƙarshen 2023 Babban Banki ya ce ko ƙaramin asusu ne, irin na manhajojin kuɗi da ake buɗewa a waya, sai da BVN ko NIN. Ma'ana duk wanda ya samu lambarka, da ranar haihuwarka, da hotonka, ya samu kayan buɗe asusu.

Shi ya sa ake sayen su. A 2025 hukumar EFCC ta fito ta yi gargaɗi cewa akwai matasa da ke bin mutane suna ba su naira 1,500 zuwa 2,000 su karɓi NIN da BVN da hotonsu, su kuma su je su sayar a kan kusan 5,000. Wanda ya karɓi dubu biyun nan gani yake ya ci banza, tunda ba komai a asusunsa. To ai ba kuɗinka suke so ba, malam, sunanka suke so. Asusun da za a buɗe da shi ne za a zuba kuɗin da aka damfari wani, ko kuɗin fansar wanda aka sace, a kwashe cikin minti kaɗan. Idan bashi aka ci, akwai tsarin GSI da Babban Banki ya fara aiki da shi a Agustan 2020, wanda ya ba banki damar cire kuɗin bashi daga kowane asusu da ke jikin wannan BVN ɗin. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk wanda ya zo unguwa da littafi da biro yana cewa a kawo NIN da BVN da lambar asusu za a saka mutane a tallafi, a tambaye shi wace hukuma ce ta aiko shi, ina ofishinsu, ina katin aikinsa. Idan ya fara fushi da tambayar, amsar ke nan.

Amma duk cikin abin da ake sakaci da shi, babu kamar layin waya. Mutane suna sa wa wayarsu makulli na zane ko na yatsa, su ɗauka sun gama. Ɓarawon waya na yanzu bai damu da makullin nan ba. Zai zare sim ɗin, ya sa a ƙaramar waya mai madannai, shi ke nan. A jikin wannan layin, *565*0# tana fito da BVN, *346# tana fito da NIN. Saƙon alat na gaba zai nuna masa bankinka da abin da ya rage a ciki. Duk lambar OTP, wato lambar tabbatarwa ta amfani sau ɗaya, da banki zai turo, hannunsa za ta faɗa. Da waɗannan zai nemi canza lambar sirri, ya sayi kati, ya tura kuɗi, ya ci bashi a manhajoji, kai kuwa kana can kana jimamin waya ta dubu tamanin.

Maganin wannan bai kai minti biyu ba, kuma kyauta ne: ka sa wa sim ɗin kansa lambar sirri. A wayar Android ka shiga saiti, ɓangaren tsaro, ka nemi inda aka rubuta SIM lock. A iPhone yana ƙarƙashin ɓangaren layi, an rubuta SIM PIN. Idan ka kunna shi, duk lokacin da aka kashe waya aka kunna, ko aka mayar da sim ɗin wata waya, ba zai kama sabis ba sai an sa lambar. Ga inda mutane ke samun matsala: kafin ka sa taka, zai tambaye ka lambar da kamfani ya sa tun asali. Kada ka yi canke. Idan ka kuskure sau uku, layin zai kulle sai da PUK, lamba 8 da ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki. Idan ka kuskure PUK sau goma, sim ɗin ya mutu, sai ka je an yi maka welkam bak, wato sabon sim mai lambarka ta da. Saboda haka ka fara nemo katin nan, ko ka kira 300 ka tambayi kamfanin layinka, sannan ka fara. Kuma don Allah kada lambar ta zama shekarar haihuwarka, ko 1234, ko ƙarshen lambar wayarka. Waɗannan su ɓarawo ke fara gwadawa.

Wani abu da ya kamata kowa ya riƙe: idan wayarka ta ɗauke sabis gaba ɗaya, na kusa da kai masu irin layinka kuwa nasu yana aiki, kada ka ce matsalar netwok ce ka kwanta barci. Yana iya zama wani ne ya je ya yi welkam bak da layinka. Ka ari waya ka kira kamfani nan take.

Sai masu kira da sunan banki. Muryarsu a natse, sun san sunanka cikakke, wani lokaci har da ranar haihuwarka da bankinka. Za su ce an toshe BVN ɗinka, ko an ga wani yana ƙoƙarin cire kuɗinka, yanzu za a turo maka lamba ka karanto musu a gyara. Sanin sunanka ba hujja ba ce ta komai. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bankaɗo shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya a kan naira 100 kacal. Abin da ya rage musu shi ne abin da suke roƙonka: OTP, ko lambar sirrin kati, ko lambobi uku na bayan kati da ranar ƙarewarsa. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da yake buƙatar ɗaya daga cikinsu, domin an tsara su ne yadda shi kansa ba zai gan su ba. Ka kashe wayar. Idan hankalinka bai kwanta ba, ka kira lambar da ke bayan katinka, ko ka taka zuwa reshe. Kada ka nemi lambar banki a Facebook ko a ƙarƙashin sharhin wani, shafukan bogi masu tambarin banki sun cika wuraren nan.

A nan kunyarmu take cutar da mu. An tarbiyyantar da mu ba a katse wa babba magana, ba a ƙaryata mutum ido da ido. Ɗan damfara ya san haka, shi ya sa yake sallama da kyau, ya ce Alhaji, ya ce Hajiya, ya sa gaggawa a cikin maganar don kada ka samu sararin shawara da kowa. Katse irin wannan kiran ba rashin ladabi ba ne.

Na WhatsApp ma hanyarsa ɗaya. A kira ka a ce daga zauren tsofaffin ɗalibai ne ko na masallaci, za a yi taro da daddare, an turo maka lambar shiga, karanto. Lamba 6 ɗin nan ita ce ta rajistar WhatsApp ɗinka a wata waya. Kana faɗa an fitar da kai, a shiga bin 'yan uwanka ɗaya bayan ɗaya ana roƙon rance da sunanka. Ka shiga saiti, ɓangaren asusu, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa lamba 6 taka ta kanka da adireshin imel. Idan ɓarawo ya riga ka sa tasa, kana iya jiran kwana 7 kafin ka koma ciki, kuma kwana bakwai sun ishe shi ya gama da mutuncinka.

Yanzu bari in tsaya a kan iyayenmu, don su ne suka fi ba ni tausayi. Je ka wurin mai POS ranar kasuwa ka tsaya ka gani. Tsohuwa za ta kwance bakin zane ta fito da kati, da 'yar takarda a naɗe da shi, an rubuta lambar sirri a jiki. Ta miƙa duka biyun ta ce, "Ɗan nan, ciro mini dubu biyar." Yawancin masu POS mutanen kirki ne masu neman halak, amma kati ya shiga bayan teburin mai POS, an ga gabansa, an ga bayansa, an ga lambar sirri, ga kuma mutane a tsaye suna ji. Lambobin gaban kati da ranar ƙarewa da ukun baya, hoto ɗaya na waya ya ɗauke su. Laifin namu ne, 'ya'yansu da muka yi boko. Ka zauna da mahaifiyarka ka koya mata danna lamba huɗu da hannunta, tana rufe madannan da ɗaya hannun. Ta duba adadin da aka rubuta a na'urar kafin ta danna, ko ta tafi da jikan da aka yarda da shi ya duba mata. Idan an ce bai yi ba, ta karɓi rasit kafin a sake sa katin. Lambobi ukun baya, ka rubuta su a gida ka rufe na jikin katin da ɗan salatif mai duhu. Kuɗi mai yawa kuma kada ya zauna a asusun da ake yawo da katinsa. A raba biyu, na ajiya daban, na cefane daban.

Takardu ma haka. A shagon kwamfuta za ka ga an yi foto-kwafin takardar NIN bai fito da kyau ba, an jefa a kwali an sake wani. Wannan kwalin ƙarshensa wurin mai ƙosai ko mai tsire, a naɗe wa wani da sunanka da hotonka da lambarka. Ka karɓi wanda ya lalace ka yaga da hannunka. Idan ka tura wa mai shago takardunka ta WhatsApp don ya buga, ka tsaya ya goge a gabanka, a waya da kwamfuta. Duk kwafin da za ka bayar, ka rubuta a kansa da biro dalilin bayarwa da kwanan wata, rubutun ya ratsa ta gefen hoton, yadda ba zai yi amfani a wani wuri ba. Masu ɗora takardar kammala karatu ko fasfo ko tikitin jirgi a Facebook don murna, a rufe lambobin da ranar haihuwa tukuna. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba ka haƙƙin tambayar duk mai karɓar bayananka me zai yi da su, kuma akwai hukumar kare bayanai ta NDPC da ake kai wa ƙara.

Manhajojin bashi ba sai na tsawaita ba. Duk wadda ta nemi shiga lambobin wayarka da hotunanka, goge ta. Google ma ya hana su wannan tun 2023, wadda ke nema har yanzu ta bayan gida ta shigo.

Idan waya ta ɓace, tsarin da za a bi yana da muhimmanci, domin mutane suna farawa da cigiya da zuwa ofishin 'yan sanda, alhali kuɗin yana fita a awa ta farko. Fara da banki. Bankuna suna da lambar toshe asusu da ake dannawa daga kowace waya, misali *901*911# a Access, *966*911# a Zenith. Ka nemi ta bankinka yau, ka rubuta a takarda tare da lambar asusunka, ka ajiye a gida, matarka ko mijinki ya san inda take. Bayan banki, kira kamfanin layi a toshe sim. Sannan ka sanar da dangi kada su tura wa kowa kuɗi da sunanka, ka canza kalmar sirrin imel da Facebook, sai rahoton 'yan sanda da welkam bak. Idan kuɗi ya riga ya fita, ka kai ƙorafi a rubuce ka karɓi lambar ƙorafin. In banki bai warware ba bayan mako biyu, ka kai sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Matsalar kamfanin layi kuma, lambar hukumar sadarwa ta NCC ita ce 622, kyauta.

Ka riƙa danna *996# lokaci-lokaci ka ga layukan da aka haɗa da NIN ɗinka. In ka ga baƙuwar lamba, ka je ofishin kamfanin a cire ta. Sau ɗaya a shekara kuma kana da damar karɓar rahoton bashinka kyauta daga kamfanonin da ke adana tarihin bashin mutane irin CRC ko FirstCentral, a nan bashin da ba ka ci ba zai bayyana.

Akwai kuma layin da aka watsar. Idan layi ya yi watanni ba a amfani da shi, kamfani yana karɓe lambar ya sayar wa wani, banki kuwa bai sani ba, zai ci gaba da tura alat da OTP can. Kafin ka bar layi, ka je banki ka cike takardar canza lamba a asusunka da BVN ɗinka, ka gyara a NIMC. Haka idan an yi rasuwa: magada su riƙe layin mamaci a raye, su riƙa sa masa kati suna kira da shi, su sanar da bankinsa da wuri, har sai an gama rabon gado an rufe asusun.