Ƙanƙarar Kilimanjaro ta kama hanyar tafiya, dajin da ke ƙasanta fa?

A shekarar 1912, lokacin da aka fara auna ƙanƙarar da ke saman dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, faɗinta ya kai kimanin murabba'in kilomita 12. Zuwa 2007 ta koma ƙasa da murabba'in kilomita 2, hotunan tauraron ɗan'adam na baya-bayan nan kuma sun nuna da ƙyar ta kai 1. Wannan dutse mai tsawon mita 5,895 shi ne wanda Johannes Rebmann, wani ɗan mishan Bajamushe, ya hango a 1848 ya ba Turawa labarin farin kansa, masana a Ingila suka ƙaryata shi, wai ina aka taɓa ganin ƙanƙara a tsakiyar Afirka.

Maƙwabtansa ma ba su tsira ba. A tsaunukan Ruwenzori da ke kan iyakar Yuganda da Kwango, a 1906 akwai tarin ƙanƙara 43 a kan duwatsu shida. Bayan shekara ɗari ba su kai rabin haka ba, kuma a kan duwatsu uku kawai. Dutsen Kenya shi ma 'yan tsirarun faci suka rage masa. A watan Oktoban 2021 Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta ce idan aka ci gaba a haka, dukkan wuraren nan uku za su rabu da ƙanƙararsu cikin shekarun 2040.

Babu mai jayayya a kan wannan. Inda masana suka daɗe suna kai ruwa rana shi ne dalili, kuma ina ganin ya kamata mai karatu ya ji gardamar, don masu musun ɗumamar yanayi sun ci kasuwa da ita sosai.

Lonnie Thompson na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka, wanda ya haƙo ƙanƙarar ya yi nazarinta a shekarar 2000, ya yi hasashen za ta ƙare tsakanin 2015 da 2020. Ba ta ƙare ba. Georg Kaser na Jami'ar Innsbruck a Ostiriya da abokan aikinsa kuwa suka nuna cewa a can ƙololuwa matsakaicin sanyi yana kusan digiri 7 ƙasa da sifili, don haka ba zafin iska ne ke narkar da mafi yawanta ba. Rana ce mai ƙarfi da busasshiyar iska ke mayar da ita tururi kai tsaye, ba tare da ta bi ta ruwa ba, ga shi kuma dusar da ke zubowa ta cike giɓin ta yi ƙaranci. Sun ƙara da cewa raguwar ta soma tun wajen 1880, lokacin da gabashin Afirka ya shiga wani zamani na bushewa, tun hayaƙin masana'antu bai yi nisa ba.

Nan da nan wasu suka ɗauki wannan suka ce kun gani ko, ashe duk surutu ne. Sai dai sun karanta rabin shafi suka rufe. Danshin da ke zama dusa a kan dutsen daga Tekun Indiya yake tasowa, kuma tekun nan yana cikin waɗanda suka fi saurin ɗumama a duniya, abin da ke taɓa yadda iska ke kai ruwa gaɓar gabashin Afirka. Su kansu masanan na Innsbruck ba su taɓa cewa duniya ba ta ɗumama ba. Kuma dutse ɗaya ba ya yanke hukunci. Switzalan ta yi asarar kusan kashi 10 cikin 100 na ƙanƙarar tsaunukanta a shekaru biyu kacal, 2022 da 2023. Benezuwela ta rasa tata ta ƙarshe a 2024, shekarar da ta zama mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Iskar kabon da ke sararin sama ta tashi daga kimanin 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420. A tsaunuka kuma abin yana ciyar da kansa: farar dusa tana mayar da hasken rana, idan ta janye sai baƙin dutse ya sha zafin, ya ƙara cin wadda ta rage.

To amma abin da ya fi damuna daban ne. An mayar da hankali kan farin kan dutsen saboda shi ke yin kyau a hoto, alhali ruwan da mutanen gindinsa ke sha ba daga can yake zuwa ba sai ɗan kaɗan. Daga daji yake zuwa. Akwai wata ɗamarar kurmi da ta zagaye dutsen daga kimanin mita 1,800 zuwa 3,000, inda aka fi samun ruwan sama, itatuwan can sama kuma suna tatsar danshi daga hazo da gajimare ya ɗiga ƙasa ya shiga maɓuɓɓuga. Shi ke cika magudanan da 'yan ƙabilar Chagga mazauna gindin dutsen suka haƙa tun kaka da kakanni don shayar da ayaba da kofi, shi ke shayar da birnin Moshi, shi ke ciyar da kogin Pangani da madatsun wutar lantarkinsa. Andreas Hemp na Jami'ar Bayreuth a Jamus, wanda ya shafe shekaru yana nazarin tsirran dutsen, ya nuna gobara ta tura iyakar dajin ta sama ƙasa da ɗaruruwan mitoci, kuma ruwan da ake rasawa ta wannan hanya ya ninka wanda ƙanƙarar ke bayarwa nesa ba kusa ba.

Gobarar Oktoban 2020 ta yi kwanaki tana ci a Kilimanjaro, ta lashe kusan murabba'in kilomita 95, hukumomi kuma suka alaƙanta tashinta da wutar girki a wani zangon masu hawan dutse. Wata ta sake tashi a Oktoban 2022. A Ruwenzori, gobara ta ci saman tsaunin a 2012, sai ga kogin Nyamwamba ya yi ambaliya a yankin Kasese na Yuganda a 2013, ya sake a 2020 har ya lalata asibitin Kilembe. Zafi da fari su ke busar da ciyayi, amma ashanar hannun mutum ne ke ƙyasta ta.

Shugabannin Afirka suna da gaskiya idan suka ce nahiyar ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya, kuma asusun biyan diyyar asara da aka amince da shi a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Sharm el-Sheikh na Masar a 2022 haƙƙi ne, ba alfarma ba. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Babu abin da gwamnatin Tanzaniya ko ta Yuganda za ta yi yau ya dawo da ƙanƙarar nan. Ko manyan ƙasashe sun kashe injunansu gobe, da wuya ta kai ƙarshen ƙarni. Dajin kuwa yana hannunsu. Dubun-dubatar masu yawon buɗe ido suna biyan daloli kowace shekara don hawa Kilimanjaro, amma a 2020 ɗaruruwan 'yan sa-kai da ɗalibai ne suka tari wutar da rassan itace da fartanya. Daga kuɗin shigar nan ya kamata a ware kaso na dindindin don 'yan kwana-kwanan daji da kayan aikinsu, da tashoshin auna yanayi a saman tsaunukan, waɗanda ƙarancinsu na cikin abin da ya ja wa masana doguwar gardama.

Sannan a duba mutanen wurin. A 2005 an haɗe kurmin da gandun ƙasa na Kilimanjaro, har da wani zirin daji da mazauna ƙauyuka suka daɗe suna samun itacen girki da ciyawar dabbobi a cikinsa. An ƙara tsaro, amma an rage masu jin cewa dajin nasu ne. Matar da aka kora daga inda kakarta ta yi itace ba za ta yi gaggawar kai rahoto ba idan ta hango hayaƙi. A mayar wa ƙauyukan wani ɓangare na ikon kula da zirin, a ba su rabo a kuɗin da dutsen ke kawowa, a rubuta shi a doka yadda sabon shugaban gandun ba zai soke shi da takarda ɗaya ba.